Rediyona na kai gajeren saƙo lafiya, dogo kuma sai ya lalace a hanya

Mai Sola Auyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da matsalar da ta hana ni sukuni yau kwana huɗu, na kuma san a zauren nan ba za a rasa wanda ya taɓa cin karo da irinta ba. Ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu ce ta ba ni aikin kafa famfon sola a fadama. Daga rijiyar zuwa shagon ƙungiya inda sakatare ke zama zai kai kilomita biyu. Inbatar famfon tana da ƙafafun RS-485, wato inda ake jona wayar aika bayanai, tana magana da yaren na'urori na Modbus RTU a gudun bit 9600 a sakan. Abin da suke so shi ne sakatare ya riƙa gani a allo ko famfo na aiki, ba sai an ƙona mai a babur an je dubawa ba, musamman kada rijiya ta janye famfo ya yi ta juyawa a bushe.

Na sayo modem na rediyo guda biyu a Sabon Gari, masu fasahar LoRa ta aika saƙo nesa a kan zangon MHz 433, na sa ɗaya jikin inbata, ɗaya jikin loga, wato na'urar da ke tambayar inbata tana tara bayananta, a shago. Kafin in kai kayan fadama na gwada su haɗe da igiyar waya a kan tebur, loga ya tambayi rajista 40, wato guraben da inbata ke ajiye lambobinta, a lokaci guda, amsa ta zo tsaf. Da na raba su da rediyo, in na tambayi rajista 2 ko 10 amsa na zuwa lafiya. Ina mayar da shi 40 sai ya rubuto kuskuren CRC, wato lissafin da ke tabbatar da saƙo ya iso daidai bai fita ba, wani lokacin ya ce babu amsa gaba ɗaya. Ina laifin yake don Allah?

Ɗan Kura:
Wa alaikumus salam. Eriya ce ɗan'uwa. Ɗaga ta sama da itatuwa, ka samo doguwar gora ko bututu. A Kadawa haka muka yi fama, muna ɗaga ta komai ya daidaita.

Na Taura:
Ko kuma batir. Rediyon nan in zai aika saƙo yana zuƙar wuta lokaci guda. In wutar ta yi ƙasa sai ya yanke magana a tsakiya.

Mai Sola Auyo:
Na gode yayyena. Eriyar tana kan ƙarfen tanki, ina tsaye a can ina hango rufin shagon. Batir kuma na sa mita a kansa ana cikin aikawa, bai motsa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, jiya na kwaso su duka biyun na ajiye a ɗaki ɗaya, tsakaninsu bai fi taku goma ba, matsalar tana nan yadda take.

Baba Mai Rediyo:
Yaro, ka ba da amsar rabin tambayarka da bakinka. Abin da ya ƙi a taku goma ba laifin nisa ba ne. In da iska ce ke cinye maganar, da ba za ta riƙa zaɓe ba, gajere da dogo duk sai ta taɓa su, yau wannan gobe wancan. Naka kuwa kullum gajere ya wuce, kullum dogo ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ka nemi iyakar. Tambayi 20, tambayi 25, tambayi 30, ka gaya mana daidai inda yake fara lalacewa.

Mai Sola Auyo:
To Baba, yanzu kuwa.

Mai Sola Auyo:
Na gwada ɗaya bayan ɗaya. Har 26 lafiya lau, na bar shi ya maimaita sau hamsin bai faɗi ba. Ina sa 27 ya lalace, kuma kowane karo.

Malamar Lantarki:
Alhamdu lillahi, Baba ya nuna hanya. Ƙanena, buɗe takardar bayanin rediyon ka nemo inda aka rubuta girman fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayanan da yake aikawa a iska a tashi guda. Kafin ka duba bari in yi maka lissafi. Amsar Modbus RTU ta karanta rajista tana da bayit 5 na dole: adireshi ɗaya, lambar aiki ɗaya, adadin bayit ɗaya, sai CRC guda biyu a ƙarshe. Kowace rajista kuma bayit 2 ce. Rajista 26 ta ba da 52, a ƙara 5, ya zama 57. Rajista 27 kuwa 59. Ke nan iyakar tana tsakanin 57 da 59.

Mai Sola Auyo:
Malama, 58 aka rubuta! An ce in bayanan da suka shigo suka kai bayit 58 zai fara aikawa, in ba su kai ba zai jira shirun da ya kai tsawon bayit 3, sannan ya ɗauka an gama ya aika abin da ke hannunsa. To amma ai an ce ragowar ma zai aika a fakiti na gaba. Tunda ba a zubar da komai ba, me ya sa loga ke ƙin karɓa?

Malamar Lantarki:
A nan gizo ke saƙar. Mu da muka saba da waya mun ɗauka rediyon waya ce da ba a gani. A takarda ma haka suke tallata shi, abin da ka zuba nan shi zai fito can. Gaskiya ne ta fuskar bayit, ko ɗaya ba ya ɓata. Amma waya tana kai abu biyu ne, bayit ɗin da kuma tazarar da ke tsakaninsu. Rediyo na kai na farko, na biyun kuwa sai ya sake shi yadda ya ga dama.

Ka ɗauke shi kamar motar tasha mai kujera 58. Direba ba ya tashi sai ta cika, ko kuma ya ga fasinja sun daina zuwa. Amsarka ta rajista 40 mutum 85 ne 'yan gida ɗaya. Mota ta farko ta kwashi 58, ta biyu ta taho da 27. Duk za su isa, amma ba tare ba.

Shi kuma Modbus RTU ba shi da wata alama da ke cewa nan saƙo ya fara, nan ya ƙare. Shiru shi ne ayarsa. A ƙa'idarsa, in layi ya yi shiru na tsawon harafi, wato bayit, uku da rabi, saƙo ya ƙare ke nan. In kuma aka sami giɓin da ya wuce harafi ɗaya da rabi a tsakiyar saƙo, mai karɓa zai ɗauke shi gurgu ya watsar. A gudun 9600, kowane bayit na tafiya da bit 10 in babu fariti (ƙarin bit na binciken kuskure), wato na farawa ɗaya, na bayani takwas, na tsayawa ɗaya. Bayit 960 ke nan a sakan, kowanne milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Harafi uku da rabi bai wuce milisakan 4 ba. Kashi huɗu cikin dubu na sakan fa. Loganka ya karɓi bayit 58, ya ji shiru, ya ce an gama, ya ɗauki biyun ƙarshe a matsayin CRC, lissafi ya ƙi fita, ya zubar. Can sai ga 27 sun iso, ba kai ba gindi, su ma ya zubar.

Ɗan Kura:
Malama ban ƙi taki ba, amma ina da ja. Rediyo da gudun haske yake tafiya. Ta yaya mota ta biyu za ta makara har a lura?

Injiniya Kazaure:
Tafiyar ba ita ke cin lokaci ba Malam, lodin ne. Kilomita biyu a wurin igiyar rediyo bai kai milisakan ɗaya ba, ko kusa. Amma bit nawa yake iya ɗorawa a iska cikin sakan, wannan magana ce daban. Mai Sola, nawa aka saita gudun iska?

Mai Sola Auyo:
Ban taɓa shi ba Injiniya, yadda ya zo, 2.4k.

Injiniya Kazaure:
To ga shi nan. Gudu biyu ne a jikin kowane modem, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke kallo. Akwai na waya, 9600, akwai na iska, bit 2400 a sakan. Mu bi su a hankali. Fakiti na farko ya sauka a shago, rediyo ya fara zuba wa loga bayit 58 ta waya, wannan zai ɗauki kamar milisakan 60. A daidai lokacin ne rediyon fadama ya fara aiko na biyu. Bayit 27 sau 8 ya ba da bit 216, a raba da 2400, milisakan 90. Ban ma sa sallamar da kowane fakiti ke fara yi ba kafin ya shiga magana, don mai karɓa ya daidaita kunnensa, ita ma tana da nata lokacin. Cire 60 daga 90. Loga zai zauna cikin shiru na aƙalla milisakan 30, shi da ke yanke hukunci a kan 4. Ko a ɗaki ɗaya ne, ko a Haɗeja da Kafin Hausa ne, giɓin nan bai canzawa.

Ɗan Kura:
Na gamsu. Allah ya ƙara sani.

Mai Sola Auyo:
Akwai abin da ban faɗa ba don na ɗauka ba shi da muhimmanci. Shekaranjiya na cire loga na sa kwamfutata da ɗan abin nan na USB zuwa RS-485, ta cikin rediyon dai, kuma ta karanta rajista 40 ɗin ba matsala. Shi ya sa har na fara zargin logan ne ya lalace, na kusa mayar wa mai shi.

Injiniya Kazaure:
Kada ka mayar, lafiyarsa ƙalau, shi ne ma ke bin ƙa'ida sau da ƙafa. Kwamfuta ba ta iya auna shirun milisakan 4 ta USB yadda ya kamata, don shi kansa abin USB ɗin tara bayanai yake yi ya miƙa a dunƙule. Masu cif ɗin FTDI, alal misali, a saitinsu na asali suna iya riƙe bayanai har milisakan 16 kafin su miƙa. Saboda haka yawancin manhajojin Modbus na kwamfuta ba sa dogara da shiru. Sun san tsawon amsar da suke jira, sai su yi ta ƙirga bayit har ya cika ko wa'adi ya ƙare. Wannan sassaucin ne ya rufe maka matsalar. Ina yawan gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurina, kada su gwada da kwamfuta su ce an gama, su gwada da na'urar da za ta kwana a wurin.

Na Taura:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. A sa modem mai layin waya, a saka sim, bayanai su hau intanet, sakatare ya gani a wayarsa ko yana Kano. Me ya kai mu ƙirga milisakan?

Sakataren Manoma:
Assalamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lantarki ba ne, yaron nan ne ya sa aka shigo da ni don in ji da kunnena. Malam Na Taura, a fadamarmu sai ka hau tudu kake samun sabis, shi ma sanda ɗaya. Sannan kuɗin data na wata-wata daga aljihun manoma zai fito, ranar da aka manta ba a saka ba, ranar ce ba mu san halin da famfo ke ciki ba. Bara wani famfon da muka yi karo-karo muka saya ya ƙone ana tsakiyar ban ruwan alkama, don rijiya ta janye da rana ba wanda ya sani. Kwana tara muna haya injin mai. Wanda ya ga alkama ta fara fitar da kai tana neman ruwa ya san abin da nake faɗa. Abin da muka saya sau ɗaya ya zama namu shi muke so.

Na Taura:
Allah ya ba da haƙuri Alhaji, ban san haka wurin yake ba. Amma ko da sim ɗin ne, maganar Malama tana nan, shi ma a fakiti yake aikawa, jinkirinsa ma ya fi.

Ɗan Kura:
To a ja waya mana. RS-485 na kai mita 1200.

Baba Mai Rediyo:
Kilomita biyu aka ce. Kuma waya a fadama, garma ta tono ta, shanu su taka, damina ta zo ruwa ya kwanta a kai, ga tsawa, ga masu sha'awar jan ƙarfe. A bar maganar waya. Rediyon zai yi, a dai bi shi da halinsa.

Malamar Lantarki:
Hanyoyin gyara suna da yawa, amma ni wadda zan fara ba ka ita ce mafi araha: kada ka tambayi abin da ba zai shiga mota ɗaya ba. Raba 40 ɗin gida biyu, 20 da 20. Kowace amsa bayit 45, ta shige fakiti ɗaya har da sauran wuri. Kuma ka zauna ka duba ko duk arba'in ɗin kake buƙata. Sakatare na son ya san famfo na juyawa ko a'a, wuta nawa faranti ke bayarwa, mita nawa inbata ke gudu, da lambar ƙararrawa in akwai. Sauran rajistocin na mai gyara ne, ranar da ya zo ya sa waya ya karanta.

Injiniya Kazaure:
Na yarda da Malama, amma akwai wata dabarar da nake so a sani ko ba a yi amfani da ita yau ba. Ba dole ne gudun waya na ɓangarorin biyu ya zama ɗaya ba. Rediyon fadama zai iya zama a 9600 da inbatarsa, na shago kuma ka saukar da shi tare da loga zuwa 2400. A wannan gudun bayit 58 zai ɗauki kamar milisakan 240 yana fita, kafin ya gama fakiti na biyu ya riga ya iso ya hau layi a bayansa. Loga ba zai ji giɓi ba sam. Rage gudu ne ke gyara shi, abin da hankali ba ya kawowa da farko.

Malamar Lantarki:
Dabara ce mai kyau Injiniya, amma ina da tsoro a kanta. Ta dogara da cewa fakiti na biyu zai iso a kan kari kullum. Kuma duk saƙon da ya hau mota biyu, in ɗaya ta sami matsala a hanya, duka ya tashi a banza, sai a sake daga farko. Ƙaramin saƙo ya fi jure hanya. Ga wanda loganshi ba ya barin a raba tambaya, to, ya bi taka. Wasu rediyoyin kuma suna barin ka zaɓi girman fakiti da kanka, har 240, in an sami irinsu magana ta ƙare. Wasu na'urorin kuma suna jin Modbus ASCII, wanda ke fara saƙo da alamar ɗigo biyu ya rufe da alamar sabon layi, yana kuma haƙuri da giɓi har na sakan guda. Sai dai yana ninka tsawon saƙo kusan biyu, kuma ba kowace inbata ke da shi ba.

Injiniya Kazaure:
Ban musa ba. A wurinsa taki ta fi.

Ɗan Kura:
Me zai hana a ɗaga gudun iskar zuwa 9600 ko 19200 kowa ya huta?

Injiniya Kazaure:
Za a iya, amma da nisa ake biya. A LoRa, duk yadda ka rage gudu haka kunnen mai karɓa ke ƙara kaifi, in ka ƙara gudu ya ragu. Yanzu rani ne, fili fetal. Bari damina ta sauka, dawa da gero su yi tsawo, itatuwa su cika da ganye. Hanyar da ke aiki da ƙyar a Fabrairu ba lallai ta kai Agusta ba. In zai ɗaga, ya ɗaga mataki ɗaya ya gwada, kada ya kai ƙarshe.

Mai Sola Auyo:
Na raba 20 da 20. Kuskuren CRC ya ɓace gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu lokaci-lokaci yana cewa babu amsa. Wanda ya fi tayar mini da hankali kuma, ɗazu na ga a gurbin wutar faranti an rubuta wata lamba da ba ta yi kama da wuta ba sam, bayan ɗan lokaci ta koma daidai. Babu kuskuren da ya nuna.

Malamar Lantarki:
Nawa ka sa wa'adin jiran amsa? Kuma sau nawa yake maimaita tambaya in bai ji ba?

Mai Sola Auyo:
Milisakan 300, maimaici sau 2. Tsakanin tambaya da tambaya ban sa komai ba, yana gama wannan yake jefa waccan.

Malamar Lantarki:
Wannan ta fi ta farko haɗari, ka tsaya ka ji da kyau. Wa'adin 300 na waya ne. Mu lissafa tafiya da dawowa ta rediyo. Tambaya bayit 8 ce. Ta shiga rediyo, milisakan 8. Ya jira shirun bayit 3. Ta hau iska, kamar 27 ban da sallama. Ta fita zuwa inbata, wasu 8. Inbata ta yi nata tunanin. Amsa bayit 45 ta shiga rediyo, 47. Jira kuma. Iska, 150 ban da sallama. Fita zuwa loga, wasu 47. Ka tara, ka riga ka kusa 300 tun ba a sa sallama biyu da jinkirin inbata ba. Wato amsa na kan hanya loga ya yanke ƙauna.

Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai ya sake jefa tambaya alhali rediyon can na tsakiyar magana, su yi karo, duka biyun su ɓata. Ko kuma ya wuce zuwa tambaya ta biyu, sai ga amsar ta farko ta iso a makare. Amsar Modbus RTU ba ta ɗauke da lambar rajistar da aka fara karantawa, ba ta kuma da lambar da ke haɗa ta da tambayarta. Adireshi ɗaya, aiki ɗaya, tsawo ɗaya tunda duk 20 ne, CRC daidai. Loga ba shi da yadda zai gane ba tasa ba ce. Sai ya zuba lambobin rukunin farko a gurbin na biyu. Abin da ka gani ke nan. Ka yi tunanin ranar da lambar da ke cewa rijiya ta bushe ta faɗa wani gurbin, gurbinta kuma ya karɓi sifiri.

Sakataren Manoma:
Subhanallahi. Malama wannan shi ne abin da muke gudu tun farko.

Baba Mai Rediyo:
Wanda ya taɓa riƙe oba-oba ya san wannan. In ka danna kana magana ba ka jin kowa, sai ka ce oba ka saki, sannan ɗayan ya karɓa. Mutum biyu suka danna tare, ba wanda ya ji wani. Waɗannan ƙananan ma haka suke, baki da kunne ba sa aiki lokaci guda. Yaro, ka ba shi lokaci. Famfo ba jirgi ba ne, in ka ji labarinsa sau ɗaya a rabin minti ya wadatar.

Malamar Lantarki:
Sa wa'adi 1000, ko 1500 ma ba laifi. Sa hutun rabin sakan tsakanin tambayoyi. Sannan ka bambanta tsawonsu, ɗaya 19 ɗaya 21, don in amsa ta makara ta faɗo a inda ba nata ba, adadin bayit ya tona ta.

Injiniya Kazaure:
Wannan ta 19 da 21 ban taɓa tunaninta ba, na ɗauka. Bari in ƙara maganar bafa, wato ma'ajiyar da rediyo ke tara bayanai kafin ya aika, don na ga Mai Sola ya ce yana jefa tambaya ba hutu. Duba takardarka, nawa ne ma'ajiyar rediyon?

Mai Sola Auyo:
Bayit 512.

Injiniya Kazaure:
Kai mai tanki ne, za ka gane da sauri. Bututun shiga na kawo bayit 960 a sakan. Na fita, a 2400, ba zai wuce 300 ba, a aikace ma bai kai ba. Kowane sakan ana samun rarar 660. Tankin 512 bai kai sakan ɗaya ba zai cika, abin da ya biyo baya kuma ƙasa zai zube, ba tare da wani ya sanar da kai ba. A tambaya da amsa irin ta Modbus da wuya ka cika shi, tunda saƙo mafi tsawo bayit 256 ne. Amma ranar da ka haɗa shi da abin da ke zuba bayanai ba tsayawa, kamar sikeli ko GPS, za ka ga farkon saƙo lafiya, tsakiya a yanke. Bafa na shanye ambaliyar ɗan lokaci ne kawai, ba ya ƙara faɗin bututun fita.

A RS-232 akwai wayoyin RTS da CTS da rediyo ke cewa dakata da su, kamar fulotar da ke tsayar da famfo in tanki ya cika. RS-485 mai waya biyu ba shi da su. Akwai kuma XON da XOFF, lambobin da ke cewa ci gaba da dakata, amma kada ka kunna su a kan Modbus RTU, don lambobi 17 da 19 ne, kuma suna iya faɗowa a cikin bayanan kansu, a ɗauka umarni ne. Ƙananan modul da yawa suna da ƙafa ɗaya da ke nuna ko rediyo na cikin aiki, mai haɗawa da ƙananan kwamfutocin nan Arduino ko ESP32 sai ya riƙa dubanta kafin ya zuba.

Na Taura:
Tunda an ambaci ESP32, ni da zan sake irin wannan aikin, a fadama zan ajiye shi jikin inbata. Ya yi ta tambayarta ta gajeriyar waya da duk gudun da yake so, ya tace, ya aiko lambobi biyar ko shida ta rediyo duk minti, da lambar jeri a jikin kowane saƙo. Modbus bai hau iska ba balle shiru ya dame shi.

Malamar Lantarki:
Ita ce hanya mafi tsafta, in akwai mai rubuta manhajar kuma zai dawo in ta lalace. A ƙauye wannan sharaɗin na biyu shi ne babba. Abin da Mai Sola ya haɗa yanzu, duk mai gyaran da ya san Modbus zai iya buɗewa ya gane.

Mai Sola Auyo:
Salam. Na bari ya kwana biyu kafin in yi magana. Na mayar da rediyo fadama. Tambaya biyu, 19 da 21, wa'adi 1500, hutun rabin sakan a tsakani, zagaye ɗaya duk sakan 30, maimaici sau ɗaya. Gudun iska na bar shi a 2.4k saboda maganar damina. Daga safiyar Talata zuwa yanzu sau uku kawai ya ce babu amsa, kuma duk a maimaici ya samu. Baƙuwar lamba ba ta sake fitowa ba. Jiya wajen ƙarfe biyu na rana ƙararrawar bushewa ta fito a allo, Alhaji ya aika yaro, aka tarar ruwa ya ja baya inbata ta tsayar da famfo, bayan kamar minti ashirin ta tashi da kanta.

Sakataren Manoma:
Da idona na gani. Baba, Malama, Injiniya da sauran, Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuri'a albarka.

Baba Mai Rediyo:
Amin Alhaji. Yaro, saura abu ɗaya. Ka rubuta saitin nan duka a takarda, gudun waya, gudun iska, tasha, wa'adi, ka sa a leda ka manna cikin murfin akwatin, ɗaya a fadama ɗaya a shago. Kuma eriyar da ke kan ƙarfen tanki, ka sa mata kariyar tsawa ka kai waya ƙasa kafin ruwan farko.

Mai Sola Auyo:
In sha Allahu Baba, ranar kasuwa zan sayo sandar ƙasa. Injiniya, ƙungiyar ƙauyen da ke gaba da mu sun ce su ma suna so, rijiyarsu biyu. In na sa rediyon rijiyoyin uku a tasha ɗaya, kowace inbata da adireshinta, loga ɗaya zai iya bin su?

Injiniya Kazaure:
Zai iya, tunda mai tambaya ɗaya ne kuma wanda aka kira kaɗai ke amsawa. Ka ba su adireshi 1, 2, 3, kada biyu su yi tarayya. Sai dai ka sake lissafin zagaye: tambaya shida, in rijiya ɗaya ta mutu loga zai tsaya jiran 1500 sau biyu a kan kowace tambayarta kafin ya wuce. Duk da haka zagayen sakan 30 zai wadatar. Turo mini taswirar inda rijiyoyin suke da tazararsu, mu duba ko ta nesan za ta ji shago kai tsaye.